Yaushe Ya Fara?

Gado na huɗu, gado na tara,
ɗakin maza, asibitin Shika.
Na ɗauki 'yar gudumar roba
na ƙwanƙwasa gwiwar Barau, shiru.
Na ƙwanƙwasa ta Malam Nalado, shiru,
kamar gidan da ka yi ta sallama ba kowa.

Sakamakon ruwan ƙashin bayansu ya dawo,
takardu biyu kamar an kwafa:
furotin ya hau, ƙwayoyin halitta ba yawa.
Na ce wa Dokta Asabe ciwo ɗaya ne.
Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.
"Kama da wane ba wane ba ne.
Ka tambayi jiki, ba ka tambayi kwanaki ba.
Koma."

Na koma.

Barau tela ne a Tudun Wada.
Mako biyu baya ya yi gudawa, ta wuce, ya manta.
Ran Talata ya ji tururuwa na yawo a tafin ƙafa,
ran Alhamis keken ɗinki ya ƙi takuwa,
ran Asabar a hannu aka shigo da shi,
yau Litinin cokali na suɓuce masa.
Ciwon na hawa kamar Kubanni a Agusta,
idon sawu, gwiwa, ƙugu,
ni kuwa ƙirji nake wa tsoro.
Na ce ya ja numfashi ɗaya ya ƙirga.
Jiya ya kai ashirin da biyar.
Yau a sha huɗu ya tsaya.

Malam Nalado bai riƙe rana ba,
Ladidi ce ke riƙe da lissafin gida.
"Tun shukar masarar bara," in ji ta,
"silifa ke zame masa a hanyar masallaci,
bai ji ba, sai yara su biyo shi da ita.
Da kaka ya fara dafa bango in zai tashi.
Da azumi ya ji sauƙi har muka yi sadaka,
bayan babbar salla abin ya dawo."
Wannan ba ambaliya ba ce.
Gara ce a cikin azara,
tana ci, tana hutawa, tana ci,
soro na tsaye, mai gida bai sani ba.

Dokta Asabe ta zana waya a bayan kati.
"Jijiya ke nan, ga rigarta.
Masu gadin jiki ne suka juyo suna yagar rigar,
a wajen su biyun duka.
Bambancin yana cikin kalanda.
Na farko kan gama hawansa cikin mako huɗu,
ya tsaya, ya fara janyewa.
Wanda ya wuce mako takwas yana ƙaruwa,
ko ya tafi ya dawo, ya sake dawowa,
zama ya zo yi.
Akwai mai shigowa da gudu kamar na farko
alhali na biyu ne ya yi shigar burtu.
Saboda shi nake rubuta sunan ciwo da fensir."

Ƙwayar da za ta tayar da Malam
ba za ta yi wa Barau komai ba.
Malam zai san hanyar Shika kamar hanyar gona,
wata da watanni, kati a aljihu.
Barau muka tura kusa da injin numfashi,
ƙaninsa ya tafi neman kuɗin allurar jijiya,
ya ce ko keken ɗinkin ne a sayar.

Ban runtsa ba.
Da ladanin masallacin asibiti ya yi kiran farko
na wuce gado na tara,
Ladidi ta jera silifa biyu a ƙarƙashinsa,
hancinsu na kallon ƙofa.
Na isa wajen Barau na ce ya ƙirga.
Ya ja numfashi.
Ɗaya, biyu, a hankali kamar mai zura zare,
goma sha uku,
sha huɗu.

Bai ƙaru ba. Bai kuma ragu ba.
Na rubuta lambar da biro.